A zana wa yaranmu dajinsu a littafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi tsokaci a kan abin da manya ba su cika ɗauka da muhimmanci ba, wato littattafan yara masu hotuna, musamman waɗanda suke magana a kan daji da halittun da ke cikinsa. Ni malamar firamare ce, ƙananan azuzuwa nake koyarwa, don haka abin da zan faɗa a cikin aji na gan shi.

Yaron da ya taso a 'yan shekarun nan, kusan duk labarin daji da ya ji, a rediyo ko a bakin manya, na 'yan bindiga ne da masu garkuwa da mutane. Ya san sunan Rugu, ya san Kamuku ta Birnin Gwari, ya san Falgore da Sambisa, amma a matsayin maɓoyar miyagu ya san su. Bai san cewa Sambisa da Falgore da Kamuku wurare ne da aka keɓe domin kare daji da namun da ke cikinsa ba. To yaron da tsoro kaɗai ya gada game da daji, idan ya girma ya zama kansila ko kwamishina, me zai hana shi sa hannu a sare abin da ya rage a yi gawayi?

Mu da muka tashi a gaban kakanni, a tatsuniya muka fara shiga daji. Kafin mu taɓa ganin zaki mun san shi ne manyan dawa, mun san dila malamin daji, damisa ƙi sabo, ɓauna saniyar sake, damo sarkin haƙuri. Mun san kura da kwaɗayinta da tsoronta, mun san Gizo da Ƙoƙi. Ba na cikin masu cewa a karɓe waya da talabijin daga hannun yara a mayar da su dandali, domin wannan zamanin ya wuce. Abin da nake cewa shi ne, aikin da kaka take yi da baki bayan sallar isha'i, yau littafi mai hotuna ne zai iya ɗaukar wani kaso nasa, kuma ba mu tanade shi ba.

Shiga kantin littattafai a kowane babban gari namu ka nemi na ƙananan yara. Masu launi da takarda mai kyau daga waje aka kawo su, yawanci ma gwanjo ne. Wata rana na kai irinsu aji, wata yarinya ta daɗe tana kallon hoton wata farar dabba mai gashi tsaye a kan ƙanƙara, sai ta ɗago ta ce, "Malama, wannan wane irin kare ne?" Na yi mata bayani iya iyawata. Daga nan na tambayi ajin ko wa ya san bushiya. Hannu biyu ko uku suka ɗaga, alhali da damina bushiya har bayan katangar makarantar tana zuwa.

Ba kushe littattafan Turawa nake yi ba. Gaskiya sun iya wannan sana'a. Littafin yakan zo da shafi 32, kalmomin ba su da yawa, wani shafin ma ba kalma ko ɗaya, hoton ne yake ba da rabin labarin. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba yana bin labarin da ido, ya gano abin da mai karanta masa bai lura da shi ba, kamar wani ɗan ɓera da ya ɓuya a kusurwar kowane shafi. Da yawa daga cikinsu jigonsu ɗaya ne: wata dabba ko wani yaro da aka matsa masa ya zama kamar kowa, ya gaji, ya koma ga halinsa na asali, daga baya mutanensa suka karɓe shi a haka.

A nan ne wasu iyaye suke ɗaure fuska. Wani uba ya taɓa ce mini wannan koya wa yara fitsara ne, a ce wa yaro ya yi abin da ransa ke so. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, domin akwai waɗanda in ka karanta sai ka ga an mai da iyaye da malamai abin dariya, kuma mu ba mu taso a kan haka ba. Amma kada mu yi kitso da ƙwarƙwata, mu kuma kada mu aske kan gaba ɗaya. Matsalar da littattafan nan suke taɓowa tana nan a azuzuwanmu. Na koyar da wani yaro mai in'ina, wanda in aka ce ya tashi ya karanta sai 'yan aji su fashe da dariya, shi kuma ya sunkuyar da kai har a tashi. A gida ana ce masa dolo. Ranar da muka fita bakin fadama nazarin tsirrai, sai ga shi a gaba. Ya nuna mana zalɓe da belbela, ya bambance kurciya da hasbiya daga kukansu kawai, ya durƙusa ya nuna sawun kurege a kan yashi, ya ce wannan na safiyar yau ne don gefensa bai rushe ba. Duk wannan bayanin, in'inar da kyar ta taɓa shi. Yaro irin wannan yana bukatar ya buɗe littafi ya ga wani mai kama da shi, wanda ba a gyara shi a shafin ƙarshe ya koma kamar sauran yara ba. Wannan ba rashin kunya ba ne, sanin baiwar da Allah ya ba kowa ne.

'Yan littattafan da ake bugawa da Hausa domin yara kuwa, in ka same su, ciwonsu ɗaya: wa'azi. Labari bai gama tsayuwa da ƙafarsa ba an dire masa "darasin da za mu koya" da manyan baƙaƙe. Zomo ba shi da damar zama zomo sai ya zama misalin yaro marar jin magana. Kakanninmu ba haka suke yi ba. Gizo yakan yi ha'inci ya sha da ƙyar, wani lokacin ma ya ci riba, a rufe da ƙurunƙus, a bar yaro ya kwana yana juya abin a ransa. Abin mamaki, tun shekarun 1980 marubutan Kano suka cika kasuwa da littattafan soyayya, suka nuna cewa Bahaushe yana sayen littafi da kuɗinsa in an rubuta abin da ya shafe shi, amma ɗan shekara biyar ba wanda ya waiwaye shi.

Kuma ba abin rubutawa muka rasa ba. Ga Yankari a nan Jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, da giwayenta waɗanda suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasar nan, da gwaggon biri masu fizge abinci a hannun baƙi, da ruwan ɗumi na Wikki. Ga raƙuman dawa na Kure a Jamhuriyar Nijar, kusa da Yamai, waɗanda a 1996 saura kamar 50 suka rage a duk Afirka ta Yamma, aka tashi tsaye a kansu har suka haura 600, a 2018 ma aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Ka duba tafiyar nan, raƙumin dawa tsaye a bayan babbar mota, wuyansa ya zarce rufin, yaran ƙauyuka suna bin sa da kallo. Wane mai zane ne zai ga wannan hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba? Ga fadamun Haɗeja da Nguru inda tsuntsaye suke zuwa tun daga Turai su yi hunturu. Ga shamuwa, wadda take sauka kan bishiyoyin cikin gari gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe, in rani ya kama ta nufi kudancin Afirka.

In kuma labarin wanda ya fita daban ake so, ga gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya take taƙama da ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara. Da rani, in kowa ya bushe, sai ya yi kore shar, awaki da shanu su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun san darajarsa, shi ya sa suke barin sa a tsakiyar gona: ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Marubucin da ya iya allonsa zai fitar da littafi guda daga wannan ba tare da ya ce wa yaro "ka zama kamar gawo" ko sau ɗaya ba.

Na san akwai iyayen da suke ɗari-ɗari da zanen abu mai rai, wannan kuwa fagen malamai ne, ba nawa ba. Sai dai in tuna mana cewa Alƙur'ani mai girma ya umarce mu da mu dubi raƙumi yadda aka halicce shi, kuma akwai surori da aka sa wa sunan saniya, ƙudan zuma, tururuwa, gizo-gizo da giwa. Yaron da yake haddace labarin alhudahuda da Annabi Sulaiman, alaihis salam, ya kamata ya gane tsuntsun in ya gan shi yana tonon ƙasa a bayan gidansu.

Saura maganar kuɗi, domin bugu mai launi yana da tsada, takardar ma daga waje ake shigo da ita. Amma hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi suna sayen littattafai da yawa, in suka yi alkawarin ɗaukar kwafi masu yawa farashin kowane ɗaya zai sauko. Masu zane kuma muna da su, daga ɗaliban sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya har zuwa masu zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci, waɗanda ba wanda ya taɓa tunanin ya haɗa su da marubuci. Rassan Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya da ke jihohinmu za su iya wannan haɗin.

Kai kuma, ya Edita, roƙona gare ka ƙarami ne. Ka ware rabin shafi a fitowar ƙarshen mako, hoto babba mai launi da jimla uku ko huɗu, wannan makon bushiya, na gaba shamuwa, na gaba tsamiya ko goriba. Mu malamai za mu yanke mu liƙa a bangon aji, in shekara ta zagayo ku tattara su ku buga littafi.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Wata malamar firamare,
Azare, Jihar Bauchi.