A riƙa rubuta waƙa kafin a shiga situdiyo

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan yadda samarinmu ke haɗa waƙa yanzu a nan Jos, abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Yaro zai shiga situdiyo hannu rabbana, ba takarda ba biro, mai fiyano ya kunna masa kiɗan da ya riga ya ajiye a kwamfuta, shi kuma ya zauna a benci ya ciro waya ya hau farautar kalmomin da ƙarshensu ya zo ɗaya, masoyiya, zuciya, gimbiya, sarauniya, shikenan wai an samu ƙafiya, kafin la'asar an ɗauki murya an gyara ta da na'ura an watsa a TikTok. Ka tambaye shi me waƙar ke cewa sai ya hau sosa ƙeya.

Ni fa ban ƙi fiyano ba, kuma yaran nan wallahi akwai murya. Matsalar ita ce kiɗa ake farawa da shi sannan a cusa magana da ƙarfi. Hausa kuwa tana da gaɓa mai nauyi da mara nauyi, a kansu ake auna ɗango, wato layi guda na baiti, ga kuma hawa da saukar murya a kowace kalma, to in ka tilasta mata bin kiɗan da ba nata ba sai ka ji an ja gajeren wasali an guntule dogo, har Bahaushe ya kasa gane Hausarsa.

Marigayi Ɗan Maraya da ya rasu a 2015, Allah ya jiƙansa, ɗan garin nan ne, kuntigi kawai yake riƙewa mai tsirkiya ɗaya, amma har karen mota ya yi wa waƙa kuma kowa ya san me ake faɗa, don maganar ce a gaba kuntigin na biye. Jigo tukuna, sai amshin da zai kama bakin mutane, sai a gina baitoci a kai ana rerawa ana sokewa.

Roƙona ku ware ɗan shafi duk mako ku riƙa buga baitocin matasa zalla ba kiɗa, malaman Hausa su duba musu kari, wato ma'aunin waƙa, da ma'ana. Na gode.

Naku mai karatu,
daga Unguwar Rogo, Jos