A Daina Jin Kunyar Faci a Jikin Tufa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai albarka domin in yi magana a kan wani abu da ake gani ƙarami, alhali kuwa yana cin dukiyar magidanta a nan Tawa da sauran garuruwan Nijar, wato yadda muka fara ƙyamar gyaran tufafi idan sun tsufa ko sun yage.

Na tashi a gidan da ba a rasa allura da zare a cikin gwangwani a ɗakin kowace mace, kuma babbar rigar da mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yake zuwa Idi da ita ta shekara fiye da 20 a hannunsa. Da wuyanta ya ci, tela ya sa masa sabon ƙyalle ta ciki. Da launinta ya koɗe, aka kai ta marina, aka buge ta, ta dawo tana ƙyalli. Babu wanda ya taɓa raina shi saboda haka a cikin sahu. Yau kuwa na ga yaro ya ƙi zuwa makaranta don an yi wa wandonsa faci a gwiwa, yana tsoron dariyar abokai, uwarsa kuma ta ci bashi ta saya masa wani a wurin masu gwanjo, wanda shi ma bai kai ƙarshen zango ba.

Wannan kunya ba ta da tushe a addininmu. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa da hannunsa, yakan kuma gyara takalminsa. Ba ta kuma da tushe a halin da aljihunmu yake ciki. Waɗanda suka ga faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994 suna tune da yadda kuɗin shadda da atamfa ya tashi cikin ɗan lokaci, kuma rufe iyakoki da aka yi a 2023 ya sake nuna mana cewa yawancin abin da muke sawa daga waje yake zuwa, ta tashar jiragen ruwan wata ƙasa. Duk rigar da aka yar tun da sauran ƙarfinta, kuɗin hatsi ne aka zubar.

Abin da ya fi damuna shi ne sanin gyaran kansa yana ɓacewa, domin gyara ilimi ne mai ƙa'idoji. Tufa ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana fara gajiya ne a wuraren da aka sani, kamar wuya da hammata da bakin aljihu da gwiwa da mazaunin wando. Mai lura yakan ɗaga riga ya duba ta a hasken rana, inda ya ga saƙar ta yi shara-shara sai ya tare wurin da ƙyalle ta ciki tun kafin ya huje. Idan ɗinki ne ya ɓarke, a kama shi a ranar, a fara daga inda zaren yake da ƙarfi, a wuce ɓarakar kaɗan, sannan a ƙulle. Idan faci za a yi, wajibi ne a wanke sabon ƙyallen tukuna, domin idan bai sha ruwa ba zai tsuke a wankin farko ya ja tsohon yadin ya yaga shi. Haka kuma nauyin ƙyallen ya dace da na tufar, tsayin saƙarsa ya bi tsayin saƙarta, a kalmashe bakinsa don kada ya zare. Wuyan taguwa da ya ci ana iya farke shi a juya shi, cikinsa ya koma waje. Zanen da ya gaji a tsakiya ana raba shi biyu a haɗa gefunansa masu ƙarfi, su zama sabuwar tsakiya.

Wanki ma yana da nasa rabo a cikin lalacewar kaya. Zafin rana a nan yankinmu na Adar ba shi da sauƙi, kuma atamfar da aka bari a kan igiya tun hantsi har la'asar za ta koɗe ko da mai tsada ce. A juya tufa kafin a shanya ta, a nemi inuwa, a rage dirza da yawan garin sabulu.

Ina kuma so mu dubi telolin nan masu yawo da keke a kafaɗa, suna kaɗa almakashi a lungunan Yamai da Tawa domin a san sun iso. Da ɗan abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba suke mayar da maɓalli, su sake zif, su rufe yagewa, amma sau da yawa ana yi musu ciniki kamar masu bara, wasu manyan teloli kuma suna ganin karɓar gyara zubar da daraja ne, musamman idan salla ta gabato. Mutumin da ya ƙara wa rigarka shekara biyu ya cancanci a biya shi hakkinsa ba tare da wulaƙanci ba.

Roƙona ga hukumomin ilimi shi ne a ware ɗan lokaci a makarantun firamare domin koya wa yara, maza da mata, riƙon allura da sa maɓalli da yin faci, tunda kayan aikin ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Cibiyoyin koyon sana'a su ma su sa gyara a cikin darussan ɗinki, kada su tsaya ga yankan sabon yadi kaɗai. Malamanmu kuma, idan suna wa'azi a kan almubazzaranci, su ambaci tufafi kamar yadda suke ambaton abinci da bukukuwa. Idan jaridarka za ta aika wakili ya zauna yini guda tare da ɗaya daga cikin masu gyaran nan a bakin kasuwa, ya rubuto abin da ya gani, na tabbata masu karatu za su amfana.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.