Ayar baftisma ta girmi taron Nikiya

Ya Edita,

Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya dame ni. Jikana ya dawo hutu yana cewa baftismar da aka yi masa ba ta karɓu ba, wai Kustantin, sarkin daular Roma, ne ya sa aka cusa "da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki" cikin Matiyu 28:19 a babban taron shugabannin ikilisiya na Nikiya a shekarar 325. Yana so a sake tsoma shi da sunan Yesu kaɗai. Na san ba gidana kaɗai wannan magana ta shiga ba.

Ban kore shi ba, domin akwai abin dubawa. A Ayyukan Manzanni 2:38 Bitrus ya ce a yi baftisma da sunan Yesu Almasihu. Yusibiyos na Kaisariya, marubucin tarihin ikilisiya, ya sha kawo ayar Matiyu a gajarce, "da sunana". A kan haka wani masani, Conybeare, ya kafa zarginsa a 1901 cewa daga baya aka ƙara sunayen uku a ayar.

To amma akwai ɗan littafin koyarwar Kiristocin farko mai suna Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, aka gano kwafinsa a Istanbul a 1873. Babi na 7 ya ce a yi baftisma da sunayen nan uku a ruwa mai gudu. In babu, a nemi wani ruwan. In ba za a iya da mai sanyi ba, a yi da mai ɗumi. In duk ya gagara, a zuba a ka sau uku. Sai babi na 9 ya kira mutanen nan waɗanda aka yi wa baftisma "da sunan Ubangiji". Ashe a wurinsu furucin biyu ba kishiyoyi ba ne. Cikin marubutan Kirista na farko, Jastin Shahidi ya bayyana wannan wankan da sunaye uku wajen 155, Tatuliyan ma ya kawo ayar Matiyu a birnin Kartaj na Arewacin Afirka wajen 200. Lokacin ko haifar Kustantin ba a yi ba. Kuma tsofaffin kwafin Helenanci da ke ɗauke da ƙarshen Matiyu, har da Sinaitikus da Batikanus, da cikakkiyar ayar suka zo.

Roƙona ga fastocinmu, a koyar da wannan tarihi a ajin baftisma, kada yaro ya fara jin sa a bakin mai son rikita shi. Jikana dai na karanta masa babi na 7 da na 9, ya ce zai sake tunani kafin hutu ya ƙare.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
Wusasa, Zariya