Daga Bursa, Unguwar Fara

Bursa, daren Lahadi

Assalamu alaikum Dogo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da su Auta. Na san ka yi fushi, kuma kana da gaskiya. Wata huɗu ke nan rabonka da jin ɗuriyata, ko saƙonka na barka da Sallah ban amsa ba. Bari in fara da abin da ya hana ni barci tun shekaranjiya.

Hajiya ta yi sujada. A ƙasa, Dogo, goshinta a kan darduma. Ranar Juma'a da asuba na fito daga banɗaki na tarar ta ture kujerar gefe, ta duƙa da kanta. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa motsi. Ka san shekara biyu da rabi ke nan a zaune take salla, ka kuma san yadda abin yake cin ranta. Da ta sallame sai ta ce in zo in ɗaga ta, don tashin bai zo da sauƙi ba, muka yi ta kuka ni da ita har Yaya ta farka a firgice.

Muna Bursa ta ƙasar Turkiyya, yau kwana goma sha biyu. Na kawo ta Istanbul ne ganin likitan ƙashi, tunda dama zan shigo sarin kaya. Likitan ya ce gwiwar hagu ba ta kai ga aiki ba tukuna, a dage da motsa jiki, a rage nauyi, ruwan ɗumi kuma zai sassauta mata ciwon, amma kada mu ɗauka zai mayar da gurunguntsin da ya cinye. Mutumin da nake sayen tawul a wurinsa a unguwar Laleli ta Istanbul ɗan Bursa ne, shi ya ce mu zo garinsu, ruwan zafi daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa. Muka hau jirgin ruwa zuwa Mudanya, tafiyar kamar awa biyu, daga nan mota ta ƙarasa da mu.

Amma kafin mu kai ga wannan farin cikin sai da maganar gida ta kusa mayar da mu Istanbul a daren da muka iso. Mu huɗu ne, ni da Hajiya da Yaya da Maman Abba, kuma sati uku za mu yi. Otal ba zai yi ba, kuɗin ya yi yawa, ga Hajiya ba ta iya kwana biyu ba tuwo. Sai na kama gida ta waya tun muna Istanbul. Hotuna tsaf, falo mai faɗi, taga tana kallon dutse. Na tura kafin alƙalami. Muka iso da magariba, ashe hawa na huɗu ne, kuma babu lifta. Na tambayi mutumin tun farko ko akwai matakala, ya ce 'yar kaɗan ce. Hajiya ta ɗaga kai ta kalli benen nan, ba ta ce komai ba, ta nemi gefen hanya ta zauna a kan akwati. Wallahi ban taɓa jin ɓacin rai irin na wannan lokacin ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce sauran kuɗin a hannu yake so, in kuma maƙwabta sun tambaya mu ce mu baƙinsa ne, ba 'yan haya ba. Daga baya na gane dalili. Tun farkon 2024 wata doka ta fara aiki a ƙasar nan: duk wanda zai ba da hayar gida ta kwana 100 ko ƙasa da haka sai ya karɓi izini daga ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, a manna masa allo a ƙofa, in kuma gidan a cikin bene yake sai sauran masu gidajen sun amince. Shi ba shi da ko ɗaya. Na ce ba zan kwana da uwata a inda sai na yi ƙarya ba. Rabin kuɗin kawai ya dawo mini da shi, sauran na bar shi da Allah. Ka riƙe wannan in ka tashi kawo Inna: ka sa a ɗauko maka hoton allon ƙofa, da hoton matakala tun daga bakin titi, kafin ka tura ko sisi.

Mai tawul ɗin nan, Allah ya saka masa da alheri, shi ya yi ta buga waya har aka samo mana inda muke yanzu. Gidan ƙasa ne na wata dattijuwa, ɗaki biyu da falo da ɗakin girki, ga ɗan tsakar gida da bishiyar ɓaure. Allonta na nan a ƙofa, ta karɓi fasfo ɗinmu ta yi mana rajista yadda doka ta ce. Ba ta jin Turanci, Hajiya ba ta jin Turkanci, amma kullum da la'asar suna zaune suna shan shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashin nan, kowa na yin yarenta. Ita ta nuna mana alƙibla, ita ta kai su Yaya kasuwar mako. Sun dawo da busasshiyar kuɓewa ƙanana a jere a zare kamar carbi. Da garin semo da daddawar da muka taho da ita, ranar aka yi tuwo, har mai gidan ta ci.

Sunan unguwar Cekirge, wai ma'anarsa fara. Da aka faɗa mini kai na fara tunawa. Ka zo unguwarku, sai dai ba za ka samu ko ɗaya da yaji ba, sarkin ci.

Gidan wankan da suke zuwa ana ce masa Eski Kaplija, wato tsoho. Sarki Murad na ɗaya ne ya gina shi a ƙarni na 14 a kan ginin Rumawa, kabarinsa da masallacinsa ma suna nan cikin unguwar. Akwai wanda suke kira sabo, shi kuma tun 1552 wani waziri Rustam Pasha ya gina shi, ka ji sabo. Ɓangaren mata daban, na maza daban, abin da ya kwantar wa Hajiya da hankali ke nan. Saboda hawan jininta likita ya ce kada ta wuce minti goma sha biyar a ciki, Maman Abba ce mai riƙe agogo. Ni ma na shiga na maza. Ka tuna Wikki, lokacin da aka kai mu Yankari a aji biyar, ka riƙe saiwar bishiya kana ihu a ruwan da bai kai maka ƙirji ba? To ruwan Wikki digiri 31 ne. Wannan ya haura 40, ga tururi ya cika ƙubba, kana fitowa jikinka ya saki kamar an sauke maka buhu daga ka.

Af, da gaske ne Sarkin Yaƙi ya ƙara aure? A waya Yaya ta ji, ta ce wai 'yar gidan mai goron nan ce. Shi da ya rantse a gabanmu! In haka ne ka isar masa da gaisuwata, ka ce ina bin sa bashin waliman. Kuma na ji an tashi majalisar Mai Shayi saboda aikin kwata, ina kuke zama yanzu?

Juma'ar nan da ta yi sujada ta ce lallai sai an kai ta babban masallaci. Ulu Jami suke ce masa, an kammala shi wajen 1399, ƙubba ashirin gare shi. Suna ba da labarin cewa Sarki Bayazid ya yi alwashin gina masallatai ashirin in ya ci yaƙi, da ya ci sai aka ba shi shawara ya gina ɗaya mai ƙubba ashirin. Wurin alwala a tsakiyar masallacin yake, cikin ginin, kana salla kana jin zubar ruwa. Bangon kuwa rubutun Larabci ne manya-manya, harafi ɗaya ya fi ka tsawo, kai da ake kira Dogo. Daga nan muka hau Tophane inda kaburburan Usman da ɗansa Orhan suke, shi Orhan ɗin ne ya ci garin a 1326 ya mayar da shi babban birninsu. Da na ce wa Hajiya nan ne tushen Daular Usmaniyya sai ta ce, ta Shehu? Na yi mata bayani cewa wannan wani Usmanun ne, ya riga Shehu da shekara kusan ɗari biyar. Ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a su duka biyun.

Abin da ke damuna yanzu shi ne komawa. Saura kwana tara hayarmu ta ƙare. Dattijuwar ta ce za ta ƙara mana sati ɗaya a farashin da, amma shago na hannun yara, kaya kuma sun kusa sauka. Ina tsoron mu koma Kano, hunturu ya shigo, gwiwar ta sake riƙewa, Hajiya ta koma kan kujera bayan ta ɗanɗani ƙasa. Ban san yadda za ta ɗauki wannan ba. Mai motsa mata jiki a nan ya rubuta mana atisayen da za ta riƙa yi safe da yamma, na kuma ce a fara gyara banɗakinta na gida a sa na'urar dafa ruwa. Don Allah in ka shiga Kano ka leƙa ka ga ko ma'aikatan sun fara, ka san halinsu in ba a tsaya a kansu ba.

Na saya wa mai ɗakinka ɗankwalin siliki a Koza Han, tsohuwar kasuwar masu siliki da aka gina tun 1491. Kai kuma tawul ne rabonka, babba, wanda zai kai maka gwiwa. Hajiya na gaishe ka, ta ce ka gaya wa Inna ta ga abin da ta gani, ta fara shirin fasfo. Ga ta can tana kira a ɗora ruwan shayi.

Naka har kullum,
Ɗan Kwari