Wasiƙar Godiya ga Hajiyar da Ta Yi Mana Girki a Gida Ranar Walimar Baba

Zuwa ga Hajiya mai sana'ar girki a gidajen jama'a, tare da 'yan matan nan biyu da suke taya ta aiki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da iyalinki, na rubuta wannan wasiƙa ne domin in yi miki godiya a bainar jama'a a kan girkin da kika yi mana a gidanmu da ke Kano, ranar da muka shirya wa mahaifinmu 'yar ƙwarya-ƙwaryar walima bayan dawowarsa daga aikin Hajji. Na kiyaye alƙawarin da na yi miki na cewa ba zan saka sunanki ko lambarki a intanet ba, tunda kin ce aikin da ke hannunki ya ishe ki a yanzu. Amma tun daga ranar ƙawaye da 'yan uwa suke ta tambayata ko ɗauko mai girki ta zo har gida ta dafa abincin dare abu ne da ya cancanci kuɗinsa, shi ya sa na ga ya fi dacewa in haɗa godiyar da amsar a wuri guda.

Zan fara da faɗin gaskiya cewa da zuciya biyu na kira ki. Baƙin da muka gayyata mutum 14 ne kawai, yawancinsu tsofaffin abokan Baba da suka yi aikin koyarwa tare, sai yayyensa mata biyu da wasu surukai. A al'adarmu irin wannan taro matan gida ne suke tsayawa a kansa, kuma da Gwaggo ta ji labarin abin da nake shirin yi, cewa ta yi abin kunya ne a ce 'ya ta kasa dafa wa ubanta abinci sai ta yi hayar bare. Maganar ta sosa mini rai domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sai dai ni na san abin da ya faru a tarukan baya: ina tashi daga wurin aiki in faɗa kicin, ba na fitowa sai baƙi sun fara neman takalmansu, in gaishe su a tsaye ina warin hayaƙi, washegari kuma a ba ni labarin hirar da aka yi a falona kamar ba a gidan na kwana ba. Baba ya haura shekara 70, kuma ban so wannan daren ma ya wuce ni haka ba.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne zuwan da kika yi kwana huɗu kafin ranar, ba don ki karɓi kuɗi ba, sai don ki ga madafin da za ki yi aiki a cikinsa. Kin duba murhun gas, kin ƙirga kawunansa, kin buɗe firji, kin auna girman tukwanena da ido, sannan kika zauna kika shiga yi mini tambayoyin da ni kaina ban yi tunaninsu ba. Kin tambayi shekarun baƙin da ko akwai waɗanda haƙoransu ba sa iya nama mai tauri, kin tambayi wanda likita ya hana gishiri ko sukari, kin tambaya ko a ƙasa za a shimfiɗa leda ko a tebur za a ci, da ko maza da mata wuri ɗaya za su zauna. Har kin tambaya ko tsakanin Magariba da Isha'i ake son a ci ko sai an idar da Isha'i, domin a cewarki wainar da aka toya don Magariba ba ita ake kai wa mutum bayan Isha'i ba. Da na gaya miki Baba yana fama da hawan jini da ciwon sukari, ba ki ce za ki ware masa abincin marasa lafiya a gefe ba. Kin tsara abincin ne ta yadda zai ci daga abin da abokansa suke ci, ba tare da kowa ya lura ba.

Game da kuɗi kuwa, kin rubuta komai a takarda, kin raba kuɗin cefane daban, ladan aikinki daban, kika karɓi rabin ladan a matsayin kafin alƙalami. Wannan rabuwar tana da muhimmanci ƙwarai, kuma ina shawartar duk wanda zai ɗauki mai girki ya nemi a yi masa haka, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin kayan abinci da kuɗin mota ba sa zama wuri ɗaya, kuma idan aka dunƙule komai a farashi guda, to ko dai mai gida ya ji an cuce shi, ko kuma mai girki ta rage nama a ɓoye don ta fita.

Kin ba ni zaɓi ko in yi cefanen da kaina ko in bar miki, na bar miki, kuma ban yi nadama ba. Kin yi sammako zuwa 'Yan Kaba kika sayo kabewa da alayyafo da yakuwa da albasa, kika biya abbatuwa ta Fagge kika tsaya aka yanka miki naman da kike so, sannan kika ƙarasa Kasuwar Rimi domin citta da kanumfari da masoro da daddawa. Lokacin damina ne, lokacin da tumatirin noman rani na Kadawa da Kura ya riga ya ƙare, ɗanyen tumatir ya yi tsada, sai kika sayi kaɗan kika cike da tattasai da busasshen tumatir da kika jiƙa kika wanke shi sarai. Kin gaya mini wannan kafin ki yi, ba bayan kin yi ba. Da yamma kuma kika miƙo mini canjin da ya rage tare da takardar lissafi, har da kuɗin adaidaita sahu a rubuce.

Ranar walimar kun iso da hantsi, ɗauke da tandarku da wuƙaƙenku da shinkafar wainar da kika jiƙa tun daren jiya. Na tsaya na ɗan lokaci ina kallo, domin ina son in ga inda hannuna yake kuskure. Na ga yadda kika gauraya dafaffiyar shinkafa a cikin jiƙaƙƙiya kafin niƙa, da yadda kika bar ƙullun ya tashi a natse maimakon a cika masa yis don gaggawa, da yadda kika ɗanɗana tsaminsa kafin ki daidaita shi da ruwan kanwa kaɗan. Miyar taushe kuwa kin ɗora ta a kan romon ƙashi da kika daɗe kina dafawa, kika bar kabewar ta narke da kanta, kika zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa, ganyen kuma bai shiga ba sai dab da saukewa, shi ya sa ya iso gaban baƙi da korensa. Gishirin da kika sa kaɗan ne, ɗanɗanon ya fito ne daga daddawa da albasa da kayan ƙamshi, sannan kika ajiye gishiri da yaji a ƙananan kwanuka ga mai bukatar ƙari. Saboda Baba kika tuƙa tuwon acca, irin wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, kuma da yake kin yi shi da yawa aka ajiye a tsakiya, sai ya zama abokansa ma shi suka fi ɗiba, wasu suna cewa rabonsu da acca tun zamanin da aka tura su aiki ƙasar Jos. Farfesun kayan ciki ya yi laushin da tsoho zai ci ba wahala. Zoɓon kuma kashi biyu kika yi, ɗaya da sukari, ɗaya babu, sai citta da kanumfari da ɓawon abarba.

Wurin da na ga bambancin da ke tsakanin girkin da aka yi a gida da wanda aka yi odarsa aka kawo a kula shi ne wajen wainar. Waina abinci ce mai gajeren rai. Idan ta yi rabin sa'a a rufe, gumi ya sauka a kanta, gefenta mai ƙamas-ƙamas ya saki, sai ta zama wani abu dabam. Ke kuwa ba ki ɗora tanda ba sai da kika ji an yi sallamar Isha'i a masallacin unguwa, ɗaya daga cikin 'yan matan tana toyawa, ɗayar tana kaiwa falo faranti bayan faranti, ta yadda babu wanda ya ci waina mai sanyi a daren nan. Wannan abu ne da babu gidan abincin da zai iya aiko maka da shi, komai kusancinsa.

Akwai matsala ɗaya da ta auku, kuma ba zan ɓoye ta ba. Gas ɗinmu ya ƙare ana tsakiyar aiki, domin ban san girkin mutum 14 na yini guda yana cin gas haka ba. Ba ki tayar da hankalin kowa ba, kin sa aka sayo gawayi a bakin layi, kika mayar da tukunyar tuwo kan kurfoti a tsakar gida, aiki ya ci gaba. Shawarata ita ce ki riƙa gaya wa masu gida tun ranar zuwan farko su cika tukunyar gas, ko ki saka gawayi a cikin lissafin cefane, domin ba kowace rana za a dace da mai gawayi a kusa ba.

Amma abin da na fi gode miki a kai ba a cikin faranti yake ba. A daren nan na yi wanka a kan lokaci, na sa tufafina, na tarbi kowane baƙo a ƙofa, na zauna kusa da Gwaggo da 'yar uwarta ina jin Baba yana ba abokansa labarin tsayuwar Arfa da cunkoson jifan Shaiɗan a Mina, ana ta yi masa tsiya cewa ya dawo da tari irin na alhazai. Na ji labaran ƙuruciyarsa da ban taɓa ji ba, daga bakin mutanen da suka san shi tun kafin a haife ni. Da aka zo addu'a ina zaune a wurin na shafa tare da kowa, ba daga bakin tagar kicin na jiyo amin ba. Idan aka tambaye ni abin da na saya da ladan aikinki, wannan zaman shi ne amsata.

Ga masu tambaya ta fuskar lissafi, ladan aikin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da muka kashe, sauran kuma cefane ne da ko ni ce na dafa sai na saye shi. Da mun kwashi mutanen nan zuwa wani babban gidan abinci, da kuɗin ya fi haka, kuma da wuya dattawa irin su Baba su sake a wurin da ake kiɗa ana kai da kawowa, balle yayyensa mata da ba su saba cin abinci a gaban baƙin maza ba. Da na tara 'yan uwa su taya ni, da ban biya lada ba, amma duk wadda ta taɓa yin haka ta san ba kyauta ba ce: akwai kuɗin mota, akwai abincin masu taya aikin da yaransu, akwai ɗan abin hasafi, sannan akwai hannu biyar a tukunya ɗaya, kowa da ra'ayinta a kan gishiri.

Duk da haka ba zan ce wa kowa ya yi ba. Idan taron suna ne ko biki da za a ciyar da mutum 200, wannan aikin masu dafa abincin biki ne da manyan tukwanensu, kuma kawo irin wannan aikin cikin ƙaramin kicin wahala ce kawai. Idan kuma shinkafa da miya za a yi wa mutum biyar, uwargida ta fi kowa sanin bakin iyalinta, ba ta bukatar kowa. A ganina abin yana biyan kuɗinsa ne idan baƙin ba su da yawa amma suna da nauyi a wurinka, idan abincin irin wanda ake ci da zafinsa ne ko mai cin lokaci kamar waina da sinasir da funkaso, ko kuma idan akwai mai larurar da ke bukatar a kula da abin da zai ci. Haka nan dole a yi la'akari da cewa mutum ne za ka shigar har cikin gidanka, don haka ni ban kira ki ba sai da na ji shaidar gidaje biyu da kika yi wa aiki, kuma kasancewarki mace tare da mata masu taya ki ya sauƙaƙa mana al'amarin a gida irin namu da ba kowane namiji ke shiga ba.

Kafin ku tafi kun wanke kowace tukunya, kun goge murhu, kun share ƙasa, kun zuba ragowar abinci a robobi kun jera a firji, har kika nuna mini wanda ya kamata a fara ci da safe. Gwaggo, wadda ta ce abin kunya ne, ita ce ta bi ki har kicin tana tambayar yadda kike hana tuwon acca yin gudaji, kuma na ga ba ki yi mata rowar bayani ba. Ba ta janye maganarta ba har yau, amma ta tafi gida da kular miyar taushe, washegari kuma ta aiko a tambaya ko akwai sauran waina.

Baba ya ce in isar miki da gaisuwarsa da addu'arsa, ke da 'yan matan, Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya kare ku daga sharrin wuta da na hanya. Kun manta babban ludayinku da matacin ƙarfe a gidana, na wanke na ajiye, sai ki aiko a karɓa, ko kuma ki bar su har azumi, domin ina so ki riƙe mini rana ɗaya a goman farko saboda buɗa baki.

Wassalam.

Taki mai godiya,
'Yar Alhaji, daga Kano.