Malam Edita, ɓarawo ma yana da kwaɗo

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na rubuto ne a kan shirinku na rediyo na daren Talata da maganar kwaɗon nan da baƙonku ya yi. Ka ji shi da kunnenka, ba sai na tsaya ba ka labari ba. Sau uku yana nanatawa cewa muddin mutum ya ga alamar ɗan kwaɗon kulle ƙofa a saman shafin intanet to ya saki jikinsa, shafin na gaskiya ne. Mai gabatarwa bai tsayar da shi ba, har ƙarawa ya yi da cewa wannan shi ne darasin da za mu kwana da shi. Yayata ta kwana da shi kuwa. Ran Alhamis aka kwashe mata naira dubu 84.

Kuɗin ma ba nata ba ne, na adashin matan layinsu ne a Tudun Wada. Shekara shida ita ce uwar adashi, ba a taɓa jin kanta da kowa a kan ko sisi ba. Wata ce ta turo saƙo a zaurensu na WhatsApp, wai an buɗe rajistar tallafi ga mata masu ƙananan sana'o'i, a yi sauri kafin a rufe. Yaya ba mai garaje ba ce. Da ba ta ji shirinku ba, ni za ta kira kamar yadda ta saba. Amma ta ji masani a rediyo ya ba da ma'auni, ta duba ta ga kwaɗo, sai ta cike. Suna, lambar BVN, lambar katin cire kuɗi, lambar sirri, har da lambar nan da banki ke turowa ta saƙon tes, wai don a tabbatar asusun nata ne kafin a zuba tallafin.

Da la'asar sakaliya ta sauka daga Keke a ƙofar shagona a Samaru, ko canjinta ba ta tsaya karɓa ba. Ta miƙo min wayar hannunta na rawa, ta ce, "Auta, duba min, wai kuɗin mutane sun fita." Na ce, "Yaya, me kika danna?" Ta ce, "Wallahi sai da na duba, akwai kwaɗon. Mutumin rediyo ya ce in akwai kwaɗo ba komai." Ta zauna a kan bencin da ɗalibai ke jiran layi, ta rufe fuska da mayafi. Wannan matar ita ta goya ni, ita ta biya min kuɗin koyon gyaran waya. Ban taɓa ganin hawayenta a bainar jama'a ba sai ranar.

Shekarata 11 a shagon nan ina gyaran waya, ina yi wa ɗalibai rajista da biyan kuɗin makaranta ta intanet. Ba ni da digirin da baƙonku yake da shi, amma abin da zan faɗa kullum hannuna yana cikinsa. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da wata takardar shaida, satifiket muke ce mata a bakin aiki. Da ka buɗe shafin, burauzar wayarka, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita, za ta karɓi takardar ta duba wanda ya sa mata hannu, ko yana cikin kamfanonin da ta yarda da su. Ta duba ko wa'adinta ya ƙare. Sannan ta gwada sunan da ke rubuce a cikinta da sunan da ke adireshi, ta ga ko sun zo ɗaya. In komai ya cika sai ta kulle hanyar da ke tsakaninka da shafin, yadda wani a tsakiya ba zai karanta abin da kake rubutawa ba, ta nuna maka kwaɗo. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta san ko mai shafin mutumin kirki ne ko ɗan damfara ba. Kamar ka kai saƙon Kano tashar Kwangila ne a jaka mai kwaɗo. Yaran mota ba za su buɗe a hanya ba, amma in sunan ɓarawo ka rubuta a jikin jakar, shi za a danƙa wa, kuma makullin yana aljihunsa.

A gabanta na buɗe takardar shafin da ya cinye ta. Kwana huɗu ke nan da fitar da ita. Sunan da ke ciki ya dace da adireshin harafi da harafi, shi ya sa wayar ba ta ce uffan ba. Cutar tana cikin adireshin kansa. Sun fara da sunan hukuma, suka bi shi da gov, suka bi da ng, daga nan sai 'yar gajeruwar sanda, sai kalmar tallafi, ya ƙare da xyz. Idon mutum a farkon layi yake tsayawa, ga allon waya ƙarami, ƙarshen ma ba ya fitowa sai ka ja da yatsa. Alhali sunan shafi daga dama ake karanto shi, kamar ajami. Ka nemo karkatacciyar sandar farko (/) da ta biyo bayan sunan, abin da ya zo dab kafin ita shi ne ainihin mai gida, sauran na hagu duk abin da ya ga dama yake rubutawa. Na JAMB jamb.gov.ng ne, ya ƙare a nan. Na Jami'ar Ahmadu Bello abu.edu.ng ne. Sunan da ya ƙare da gov.ng kuwa sai an bi ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ake samunsa, shi ya sa 'yan damfara ke liƙa shi a tsakiya tunda ba za su iya sa shi a ƙarshe ba. Don ƙarin rainin hankali, a cikin shafin kansa sun zana wani ƙaton koren kwaɗo kusa da tutar Najeriya. Hoto ne kawai, yaron shagona ma zai iya sa shi.

Wannan ɗan bayanin da bai wuce minti biyu ba shi ya kamata a ji ran Talata.

Wataƙila baƙonku da tsohon karatu yake aiki. Da can takardar nan galibi sai an biya kuɗi, ɗan damfara ba ya son wahalar. Amma tun ƙarshen 2015 wata ƙungiya a Amurka mai suna Let's Encrypt take bayar da ita kyauta, ta kwana 90, kuma na'ura ce ke bayarwa cikin 'yan mintoci. Yanzu ma ba su kaɗai ba ne. Abin da ake tantancewa kawai shi ne sunan shafin yana hannun mai nema. Ban ga laifinsu ba, aikin alheri ne, ƙananan makarantu da 'yan kasuwa da dama da shi suka samu tsaro. Sai dai abin da ya zama kyauta ga kowa, ɓarawo ma zai shiga layi. Tun watan Yunin 2019 hukumar FBI ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su amince da shafi don kawai sun ga kwaɗo ko https. Kamfanin Google da kansa ya ce binciken da ya yi a 2021 ya nuna kashi 11 cikin 100 ne kaɗai na waɗanda aka gwada suka fahimci ainihin ma'anar kwaɗon, kuma a watan Satumban 2023 ya cire shi daga burauzarsa ta Chrome, ya sa wata alama a madadinsa. Masu kwaɗon sun janye shi saboda yana yaudarar mutane, mu kuma a Zariya ana koya mana shi a rediyo a matsayin hujja. Yaya ta gan shi ne saboda wayarta tsohuwa ce, burauzarta ba ta sabunta ba, kuma irin wayoyin nan su suka fi yawa a hannun masu sauraronku.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma shi ne amsar da ya ba malamar nan da ta kira daga Wusasa. Ta ce wani lokaci jan gargaɗi kan rufe mata allo yana cewa haɗinta ba sirri ba ne. Ya ce mata matsalar sabis ce, ta danna ta wuce. Na miƙe tsaye a ɗakina da na ji haka. Wannan gargaɗin shi ne lokaci guda da wayar ke buɗe baki ta yi magana. Gaskiya ne sau da yawa kwanan watan wayar ne ya rikice, musamman ƙananan wayoyin da ake cire wa batir, sai su koma wata shekara ta baya su ɗauka duk takardun duniya ba su da inganci. Wannan gyara kwanan wata ne maganinsa, a shago ko kwabo ba na karɓa a kai. Amma in ka duba ƙasan gargaɗin ka ga maganar suna ce, ma'anarsa kwamfutar da ta amsa maka ta nuna takardar da ba ta ɗauke da sunan wanda ka kira. Ka yi sallama gidan Malam Audu, wanda ya fito ya nuna maka katin shaida mai sunan wani, za ka miƙa masa kuɗin? Wani lokaci sakacin masu kula da shafin ne, sun yanki takarda ga sunan mai www sun manta da maras shi. Wani lokaci kuma wani ne ya tsaya a tsakiya, kamar a intanet ɗin kyauta da ake samu a wasu wurare. Mai waya ba shi da yadda zai bambance, don haka bai kamata ya rubuta lambar kati a wurin ba. Ni a shagona in jan allon nan ya fito lokacin biyan kuɗin makaranta, nakan mayar wa ɗalibi katinsa in ce ya dawo gobe, ko da zai yi fushi ya tafi shagon gaba. Da yawansu sun riga sun saba dannawa su wuce, yanzu kuma sun ji a rediyo an ce daidai ne.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, bari in faɗi wannan ma. Shirin minti talatin ne, amma tallan maganin basir da na sanyin mara yana cin kusan rabinsa, mai tallan yana ihu yana rantse-rantse da kalaman da mutum ba zai iya sauraro tare da 'ya'yansa ba. Ran Talatar sau tara ina kiran layinku don in gyara maganar nan tun kafin ta yi ɓarna, sau biyu aka ɗaga aka bar ni ina jin talla har katina ya ƙare. Da an rage tallan, wataƙila da na samu shiga.

Ba na neman a ci mutuncin baƙonku, kuma ban kama sunansa ba. Abin da nake nema shi ne a Talata mai zuwa, a farkon shiri ba a ƙarshe lokacin da mutane sun fara gyangyaɗi ba, mai gabatarwa ya faɗa da bakinsa cewa maganar kwaɗon nan kuskure ce. Ya karanto adireshi ɗaya na gaskiya da ɗaya na bogi a hankali, ya nuna inda ake dubawa. Ya ce wa malamar Wusasa kada ta ƙara wuce jan gargaɗi. Ya faɗa wa iyayenmu mata cewa mai ba ka kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata, ba ya tambayar lambar sirri ko lambar da banki ya turo. In kuna son wanda zai zo da waya a hannu ya nuna, ni zan rufe shago in zo, ba sai an ba ni kuɗin mota ba.

Mun je banki da safiyar Juma'a, an toshe katin, an ba mu fom mun cike, an ce mu jira. Matar da kwasar adashi ta faɗo kanta a wannan watan aurar da 'yarta za ta yi bayan sati biyu. Yaya ta riga ta kai keken ɗinkinta Sabon Gari an yi masa kuɗi, ni kuma zan cika sauran.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Samaru, Zariya.