Kusa da bango awon hargitsin ruwa ya fi wuya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin ɗalibanmu na injiniya kan auna hargitsin ruwa, wato yamutsewar da yake yi yayin gudu, da hoto, dabarar da ake kira PIV. Ana barbaɗa ƙwayoyin gilashi masu faɗin kusan maikiromita 10 cikin ruwan, a haska su da koren hasken leza mai tsawon zango nanomita 532 sau biyu a jere, kyamara ta ɗauka. Kwamfuta ta yanka hoton gida-gida, misali fiksel (ƙananan ɗigogin hoto) 32 kowane gefe, ta duba nisan da ƙwayoyin kowane gida suka yi tsakanin haskawar biyu don ta gano gudun ruwan. Kada ƙwaya ta yi tafiyar da ta wuce rubu'in gidan, wato fiksel 8.

Matsalar tana jikin bangon abin da ruwan ke gudana a ciki. Haske na dawowa daga bangon ya dusashe ƙwayoyin. Maganinsa ƙwayoyi masu rinin rodamin, waɗanda ke fitar da haske ruwan lemo, sai a sa wa kyamara matacin da ke hana koren shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne girman gidan. Ruwan da ke manne da bango tsaye yake cak, na samansa kaɗan kuwa yana gudu. Babban gida zai cakuɗa su, sakamakon ya nuna hargitsi ƙasa da yadda yake. A siranta gidajen, a shimfiɗa su bisa tsawon bangon.

Naka,
Mai karatu